Ranar Falke Ba Ta Bin Agogo: Ina Amfanin Manhajar Tsara Lokaci?

A 'yan kwanakin nan akwai wata magana da ta shigo rumfunan kara, har ta fara raba kan manya da yara. Samarin da ke riƙe mana lissafi sun zo da wani abu a cikin wayoyinsu na shafa, wai shi manhajar bibiyar ɗabi'a, wato mutum ya rubuta mata abubuwan da yake son ya riƙa yi kullum, ita kuma ta riƙa tuna masa, in ya yi ya danna alama, in bai yi ba gurbin ya zauna fayau. Dattawa da yawa sun ce wannan shiriritar ma'aikatan ofis ce, mai bin shanu ina shi ina jadawali. Yaran kuma suna ganin duk wanda bai sa ta a wayarsa ba zamani ya wuce shi. Mu dai a namu ganin abin yana da amfani, har ma falke ya fi ma'aikacin ofis bukatarsa, amma fa sai an tanƙwara shi ya bi ranar falke. Wanda ya ɗauke shi yadda ya fito daga hannun masu shi, mako biyu ya yi yawa zai watsar.

Da farko bari mu cire wa abin kwarjini. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san rajista: sunaye a jere ta gefe, ranaku a jere ta sama, malam ya kira suna ya sa alama. Ƙarshen wata in uba ya zo yana cewa ɗansa ba ya fashi, ba a tsayawa gardama da shi, littafi ake buɗe masa. To manhajar nan rajista ce, sai dai a maimakon sunayen ɗalibai ayyukanka ne a jere, kai ne malamin kuma kai ne ɗalibin. Abin da ta fi littafi da shi, tana ƙara ta tuna maka, sannan tana haɗa lissafi da kanta, ta nuna maka sau nawa ka yi abu kaza cikin wata ukun da suka wuce, da kuma ranar da ka fi sakinsa a mako. Iyakarta ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne, masu koyar da tsara lokaci mai albashi suke hange. Ƙarfe 6 a tashi, ƙarfe 7 a motsa jiki, ƙarfe 8 a ofis, Litinin kamar Talata, Talata kamar Laraba. Mu kuwa kasuwa ce ke yanka mana mako. Ran Lahadi wani yana Mai'adua, wani yana Illela, na yamma suna Balleyara. Laraba Potiskum, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Wanda ya yi lodi zuwa Legas ko Ibadan shi kuma ya shiga wata duniya dabam, inda direba da shinge da tayar da ta fashe ne ke da iko da lokacinsa. Wa ya taɓa cewa ƙarfe 4 zai gama da duwan ko kwastan, maganarsa ta cika? Masu zuwa Kumasi da Ashaiman su har agogon kansa juya musu yake, domin Ghana da Togo da Burkina Faso suna bayan Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi da awa ɗaya cur. Ka ce wa yaronka na gida ƙarfe 8 za ka kira, kai kana nufin naka, shi yana jiran nasa.

Ba yini kaɗai ke juyawa ba, har shekara. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake datse iyakar Nijar da Nijeriya, sai a Maris 2024 aka buɗe. A watan Mayu 2025, ana gab da layya, hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi waje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya wargaza wa mutane mako cikin dare guda: wanda ya saba kwana biyu a gida ya koma wata guda a zaune, wanda ya saba bin hanya kaza ya koma zagaye. Jadawalin da aka ɗaure da ƙarfe kaza ba ya kai labari a irin wannan sana'a.

To in haka ne, don me ba za a bar abin ba baki ɗaya? Don a irin wannan zama na yau nan gobe can ne ƙananan ayyuka ke zubewa, kuma ta nan dukiya ke yoyo. Ba kasafai falke ke karyewa rana ɗaya ba. An ba mahauci sa biyu bashi da la'asar, ana tsakiyar hayaniyar lodi, aka ce in an sauka za a rubuta. Aka sauka a gajiye aka kwanta. Bayan wata biyu sai ga shi ana rantse-rantse gaban sarkin kara, jikka 400 ne kowanne ko 450, zumuncin shekara ashirin ya tsinke a kan abin da layi ɗaya na biro zai kashe. Karsana ta kwana biyu ba ta tuƙa, hanci na zuba, babu wanda ya zagaya garke da safe domin maigida yana hanya, yaron kuma ba a tambaye shi ba bare ya faɗa. Kafin a farga ta shafa wa na kusa da ita. An yi wa bijimi allura ba a rubuta ranar ba, aka miƙa shi mahauta kafin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika, jama'a suka ci nama da magani a ciki. An yi ciniki da canjin jiya, alhali tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 an sha ganin farashin 'yan canji ya motsa tsakanin safe da yamma. Duk waɗannan aikin minti biyar ne. Kowa ya san ya kamata a yi su, babu wanda ke bukatar wa'azi a kai. Abin da ke hana su shi ne ba su da wurin zama a cikin yini, sai an tuna, kuma mai jan igiya da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗaya ba ya tunawa.

Dabarar da muka ga tana ci ita ce a yi wa kowane aiki turke. Dabbar da ba ta da turke ai yawo take. Ranar falke, ko ina ta riske shi, tana da abubuwan da ba sa fashi: salloli biyar, shayin safe, rufe ƙyauren tirela bayan lodi, sauka a masauki, kwanciya. Waɗannan ba ruwansu da agogon Ghana ko na Cadi, suna nan ko a Zinder kake ko a Ngaoundéré. Sai a ɗaura aikin a jikinsu. An sallame asuba, kafin shayi, a zagaya dabbobi in ana kusa, in ana nesa a buga wa mai kiwo a tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, wace ce ba ta ci ba, wace ce ke ɗingishi. An ajiye kofin shayi, a tambayi canji. Da an ce "na sallama", kafin a saki igiya, a rubuta. Bayan lisha, kafin haƙarƙari ya taɓa tabarma, a haɗa lissafin yini. A cikin manhajar ma haka za a rubuta sunan aikin, da turkensa a gaba: "bayan asuba, garke", "bayan lisha, lissafi". Tana karɓar Hausa, wanda ya fi sakewa da ajami ma yana iya sa haruffan Larabci ya rubuta abinsa. Ƙarar tunatarwa kuwa a taƙaita ta. Wayar da ke kuka sau goma a yini, kunne mutuwa yake a kanta, kamar yadda wanda ya daɗe a tasha ba ya jin hon.

Masana halayyar ɗan Adam ma nan suka tsaya. Wani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya wallafa a 1999 cewa mutumin da ya ƙulla wa kansa "in kaza ya faru zan yi kaza" ya fi cika aiki a kan wanda ya tsaya ga niyya kawai. A 2009 kuma Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta London suka fitar da sakamakon bin mutum 96 na tsawon mako 12, kowanne ya zaɓi ƙaramin aiki ya ɗaura shi a jikin wani abu da yake yi kullum, alal misali bayan karin kumallo. Suka ga cewa kafin aikin ya zama jiki, tsaka-tsaki kwana 66 ake yi, amma wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Saboda haka maganar nan da yara ke yawo da ita, wai kwana 21 ɗabi'a ke kamawa, ba ta da tushe mai ƙarfi. Asalinta wani likitan gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, da ya rubuta a 1960 cewa waɗanda ya yi wa aiki sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar fuskarsu. Ina sabawa da hanci, ina sabawa da rubuta bashi?

Wani abin da ya kamata a gane shi ne, falke rana iri uku gare shi, kuma zalunci ne a auna su da mudu ɗaya. Akwai ranar gida, akwai ranar kara, akwai ranar hanya. Ranar gida ita ce ta dogon aiki: bin bashi, duba dusa da harawa da kanwa, kiran likitan dabbobi, sabunta takardu, zama da iyali a ji abin da ke ciki, a duba karatun yara. Ranar kara kuwa mutum ba nasa ba ne tun hantsi har magariba, abu biyu ko uku sun isa, canji da safe, rubutu a kan kowane ciniki, lissafi da dare. Ranar hanya ita ce mafi ƙarancin kaya: duk inda mota ta tsaya a leƙa dabbobi, wadda ta kwanta a tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta, a kira gida sau ɗaya. Wanda ya yi wannan a ranar hanya ya cika ranarsa, kada ya ji wani nauyi a rai don bai zauna da littafi ba.

Yadda ake shigar da wannan cikin manhaja shi ne a guji ɗaura dogon aiki a kan rana takamaimai. Masu kyau daga cikinsu suna barin mutum ya ce "sau 2 a mako" ko "sau 3 a mako" ba tare da ya ambaci rana ba. Bin bashi sau 2 a mako, ko Litinin ta kama ko Asabar, duk ɗaya ne. Sannan kowane aiki a yi masa ƙaramin ƙane, wanda za a yi in rana ta ɓaci. Lissafin dare bai samu ba don an iso masauki ƙarfe 2, to a ɗauki hoton shafin da aka yi rubutu, ko mutum ya tura wa kansa saƙon murya ta WhatsApp, wane ya karɓi kaza, saura kaza. Wannan ma a danna masa alama, ya ƙirgu.

A nan ne muke jan kunnen samari game da abin da ake kira sarƙa. Yawancin manhajojin nan an gina su ne a kan ƙirga kwanaki a jere: yau kwana 30 ba fashi, gobe 31, ran da ka tsallake ɗaya lissafi ya koma sifili. Akwai ma wata, Habitica, da ta mai da abin wasa, in ka yi fashi ɗan mutum-mutumin da ke wakiltarka a ciki ya rasa lafiya. Mai zaman ofis yana iya jin daɗin wannan. Amma a ce mutum ya yi kwana 40 yana riƙe da lissafinsa, mota ta lalace masa tsakanin Lokoja da Okene, waya ta mutu ba caji, ya kwana biyu yana fama da neman ruwan da zai ba dabbobi, ya kunna waya ta ce masa ya koma sifili! Da yawa nan suke fushi su watsar da abin, har da ɗabi'ar da suka fara kamawa. Alhali binciken London ɗin nan da muka ambata ya nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Don haka a nemi wadda ba ta horo da sifili. Ba talla muke yi ba, amma Loop Habit Tracker, ta wayoyin Android, misali ce: kyauta ce, babu tallace-tallace a ciki, ba ta bukatar intanet ko buɗe asusu, kuma maki take bayarwa wanda ke hawa a hankali, in an yi fashi ya ɗan sauka kaɗan. Tana kuma barin mutum ya nuna cewa rana kaza uzuri ne, a tsallake ta.

Sai dai akwai abin da ba ya karɓar sassauci, kuma kada sunan "jadawali mai sauƙi" ya ruɗe mu. Da yawa daga cikinmu da suka haura hamsin suna shan maganin hawan jini ko na suga. Wannan yadda likita ya ce haka za a yi, ko a kara ko a bayan tirela, kuma shi ne ya fi cancanta da ƙarar waya. A raba maganin biyu, wani a gida wani a jakar tafiya. Haka rubuta bashi: ba shi da ƙane, ba shi da anjima.

Dattawa za su ce iyayenmu sun kora shanu da ƙafa har Kumasi da Legas, babu waya babu manhaja, bashin mutum talatin a ka, kuma ba su ci na kowa ba. Gaskiya ne, Allah Ya jiƙansu. Amma a tuna yadda cinikinsu yake. A gidan maigida ake yinsa, ga dillali, ga shaidu, kuma manyan masu gidaje na Sabo a Ibadan har malamai suke ajiyewa masu rubuta cinikin bashi. Wato su ma ba su bar abin ga ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Tafiyarsu kuma ta makonni ce, mutum yana da lokacin da zai juya lissafi a ransa. Yau ana sayar da sa ta waya mutum bai gan shi ba sai a hoto, kuɗi na shigowa ta banki tsakar dare, falke ɗaya yana juya naira da sidi da sefa iri biyu, ta yamma da ta tsakiyar Afirka, a cikin wata guda. Shaidun sun ragu, saurin ya ƙaru. Kan da Allah Ya ba mu kuwa irin nasu ne, bai ƙaru ba.

Su kuma yara, laifinsu zari. Za ka ga yaro ya jera ayyuka goma sha biyar, har da koyon Faransanci da ɗaga ƙarfe, kwana huɗu ya gaji. Uku sun isa a fara, in sun zauna bayan wata biyu a ƙara ɗaya. Wani kuma sai dare ya yi ya bi layi yana danna alama a kan abin da bai yi ba, don shafin ya yi kyau. Wa ake cuta? Rajistar da malam ke cikawa daga gida ba ta da amfanin komai. Kuma a sani ita wayar kanta ɓarauniyar lokaci ce: an buɗe ta don danna alama, sai ga mutum cikin TikTok har shayi ya huce. Gara a danna daga saƙon tunatarwar da ya fito a fuskar waya, a mayar da ita aljihu.

Akwai batun tsaro da ba za mu tsallake ba. Kada a rubuta adadin kuɗi a cikin manhajar nan, ko ranar da za a ɗauko kuɗi, ko hanyar da za a bi da su. Waya tana ɓata, ana ƙwace ta, ana karɓarta a shinge a duba. A rubuta "lissafi" kawai a danna alama, shi kuwa adadin ya zauna a littafinsa. Irin manhajar da ba ta hawa intanet kuma, duk abin da ta tara a cikin wayar yake zaune, in wayar ta tafi ya tafi, sai in an riƙa fitar da kwafi lokaci lokaci ana ajiyewa a wani wuri. Yaro mai wayo zai yi wannan cikin minti biyu.

Wanda ƙaramar waya gare shi, mai tocila, kada ya ga an bar shi a baya. Littafin 'yan makaranta da rula sun wadatar: ayyuka uku ta gefe, ranakun wata ta sama, a sa harafin G a ranar gida, K a ranar kara, H a ranar hanya. Ƙararrawar wayar ta tsaya wa magani.

Ko a waya ko a takarda, ribar tana fitowa ne ran da aka zauna aka karanta. Ƙarshen wata a duba inda ramukan suke. In lissafin dare kullum ran Alhamis yake faɗuwa, to ba lalaci ba ne, Maigatari ce ke cinye daren, sai a tuge turken a mai da shi safiyar Juma'a bayan shayi. In kiran mai kiwo yana faɗuwa duk ranar hanya, wataƙila a wurin da asuba ke riskar mota babu sabis, sai a mai da shi tsayawar farko bayan rana ta fito. Haka in azumi ya kama, shayin safe ya tashi daga turke, sahur da buɗa baki su maye gurbinsa. Makonnin da ke gaban layya, lokacin da raguna ke hana kowa barci, a sauke komai a bar magani da rubutun bashi. Da bazara, da ake jinkirta lodi sai rana ta yi sanyi, aikin yamma ya dawo hantsi.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. A ware shafin baya na wannan takarda a riƙa buga jadawalin wata, da layukansa da ranakun manyan kasuwanni a sama, yadda mai so zai yage ya sa a aljihu. Sannan a ranar kasuwa a zaunar da yaro ɗaya ko biyu a rumfar ƙungiya, waɗanda aka yarda da amanarsu, su sa wa dattawa manhajar, su rubuta musu ayyukan ukun farko da Hausa ko da ajami, su nuna musu inda ake dannawa. In an yi wata uku sai masu yi su kawo abin da suka gani a taro, a ji ko rigimar bashi ta ragu a gaban sarkin kara.